ZAMAN KASHE WANDO: LAIFIN WA, KUMA HAKKIN WA?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore ta ga bayinsa domin su nemi abinci a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo yana yaro ya kuma yi fatauci yana saurayi, tare da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako zai duba wata masifa ce da ta shiga kusan kowane gida, watau rashin aikin yi a tsakanin matasa. Za a duba girman al'amarin, da sanadinsa, da kuma yadda Shari'a ta raba nauyinsa tsakanin saurayi, da mawadaci, da hukuma.

Girman al'amarin

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da ƙididdiga cewa a shekarar 2023 matasa kusan miliyan 65, 'yan shekara 15 zuwa 24, suna neman aiki ba su samu ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, a cikin kowane matasa biyar na duniya akwai ɗaya wanda ba ya aiki, ba ya makaranta, ba ya kuma koyon wata sana'a, kuma biyu cikin uku na irin waɗannan mata ne. Cutar ba ta bar ƙasashen Turai ba, domin a 2013 fiye da rabin matasan da ke neman aiki a Sifen da Girka sun rasa. A Afirka ta Kudu kuwa, inda tabon mulkin wariyar launin fata bai gama warkewa ba, baƙar fata su ne suka fi kowa shan wannan wahala.

A Nijeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watanni ukun ƙarshe na 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki ba su da shi. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 34 adadin ya kai kashi 42 da rabi, na 'yan 15 zuwa 24 kuwa ya haura kashi 53. Jihohi ma ba ɗaya suke ba: Imo ta kusa kashi 57, Adamawa ta kusa 55, alhali kuwa Osun ba ta kai 12 ba. Mata sun ɗara maza a rashin, mutanen karkara sun ɗara na birni, kuma masu digiri ba su tsira ba, domin kimanin kashi 40 cikin 100 nasu suna zaune.

A 2023 hukumar ta sake ma'auninta. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon ma'auni kuwa, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai ya zama mai aiki. Da wannan sai adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 4 a farkon shekarar. Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa mudu ne aka sake, hatsin da ke rumbu bai ƙaru ba. Saurayin da ya tura baro sau ɗaya a mako ya fita daga lissafin gwamnati, amma bai fita daga yunwa ba, bai kuma sami abin yin aure ba.

Daga ina abin ya faro?

A Arewacin Nijeriya dattawa ba su manta lokacin da unguwar Kakuri a Kaduna take cika maƙil da ma'aikatan masaƙu a duk lokacin canjin aiki ba. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya, kuma a Kano masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun ɗauki dubban mutane. Kowace masaƙa tana da manomin auduga a bayanta, da mai gurza, da direba, da dillali, da mai sayar da abinci a bakin ƙofa. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa. Masaƙar nan ta farko ta rufe a 2002, sauran kuma suka riƙa bin ta ɗaya bayan ɗaya.

A karkara kuma gona ta yi wa magada kaɗan, taki ya yi tsada, sannan rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina. Tafkin Chadi, wanda ya ciyar da masunta da makiyaya na ƙasashe huɗu, ya janye ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960. Daɗin daɗawa, makarantun boko sun daɗe suna yaye yara domin aikin ofis, ga shi kuwa kujerun ofis ba su ƙaruwa kamar yadda ake haihuwa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ba tare da sana'ar hannu ba, da ɗalibin da ya gama hidimar ƙasa yana yawo da takardu a leda, a ƙarshe benci ɗaya suke haɗuwa a kai.

Marasa aiki iri biyu ne

Malaman fiƙihu ba su haɗa marasa aiki a kwando ɗaya ba. Akwai wanda yake da ƙarfi kuma ƙofar nema a buɗe take gare shi, amma ya zaɓi zama. Wannan abin zargi ne, kuma hadisi ya nuna cewa mai ƙarfin da yake iya nema ba shi da rabo a zakka. Akwai kuma wanda ya nema iyakar iyawarsa bai samu ba, ko don ba shi da jari, ko don an kore shi daga gonarsa. Wannan ba shi da laifi, yana cikin mabukata, kuma nauyinsa yana kan jama'a. Kuskure ne babba a tsaya kan mumbari a kira dukkan matasa malalata, kamar yadda kuskure ne saurayi ya jingina komai ga gwamnati ya koma ya kwanta.

Alƙur'ani ya haɗa ibada da nema a wuri guda. A Suratul Jumu'a, aya ta 10, an umurci masu imani su watsu cikin ƙasa su nemi falalar Allah da zarar an idar da salla. A Suratul Mulk, aya ta 15, an ce a yi tafiya a sassan ƙasa a ci daga arzikinsa. Buhari ya ruwaito cewa Annabi Dawuda, duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa.

Darasin gatari

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa wani mutumin Madina ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo. Annabi ya tambaye shi abin da ya mallaka, sai aka tarar shimfiɗa ce da ƙwaryar shan ruwa. Aka sayar da su dirhami biyu ga wanda ya fi tayi. Annabi ya sa ya sayi abincin iyali da dirhami ɗaya, ya sayi gatari da ɗayan, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya umurce shi ya tafi yin itace har kwana goma sha biyar. Mutumin ya komo da dirhami goma. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta sami ƙarfi daga abin da Buhari ya kawo, cewa mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa alheri bisa ga roƙon mutane.

A cikin wannan ƙissa akwai tsari cikakke. An fara da binciken abin da mutum yake da shi. An toshe yunwar gida tukuna, domin wanda iyalinsa ba su ci ba jarinsa zai cinye. An ba shi kayan aiki, an zaɓa masa sana'ar da ake bukata a garin, an kuma sa masa ranar da zai dawo a ga inda ya kai. Shirye-shiryen samar da aiki da yawa sun faɗi ne saboda an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Ana raba keken ɗinki a gaban 'yan jarida, ba a koya wa yarinya yanka ba, ba a kuma sake waiwayarta, bayan wata guda sai a tarar da keken a kasuwar 'yan gwanjo.

Hakkin mawadata

Zakka ita ce ƙofa ta farko. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, watau kimar zinariya wajen giram 85, ta kuma shekara, zai fitar da ɗaya cikin arba'in. Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa kashi takwas na masu karɓa, faƙirai da miskinai ne a gaba. Imam Nawawi ya bayyana cewa idan mabukaci mai sana'a ne, a ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa ko da da tsada, idan ɗan kasuwa ne a ba shi jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Attajirin da ya tara mutum dubu a ƙofar gidansa ya raba musu kuɗin cefanen yini ɗaya, baɗi ma dubun nan zai gani. Da ya tsayar da mutum ashirin da ƙafafunsu, da wataƙila wasunsu sun zama masu fitar da zakka. Hukumomin zakka, irin wadda aka kafa a Kano a 2003, nan ne babban aikinsu yake.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙiradi, wanda Imam Malik ya ware wa babi a Muwaɗɗa. Mai kuɗi zai ba da jari, mai ƙarfi ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko, kamar rabi ko sulusi. Ba a yanka wa mai jari wani adadi tsayayye. In aka yi hasara ba da sakaci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Hausawa sun san mai kama da wannan tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, inda ubangida yake riƙe yaro shekaru, ya koya masa ciniki, sannan ya sallame shi da jari. Ƙofa ta uku ita ce hubusi, kamar yadda Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta yana zuwa ga mabukata. Rumfunan kasuwa ko wurin koyon sana'a da aka yi waƙafinsu sadaka ce mai gudana.

Hakkin hukuma

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya sanya cikin aikin shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya kuma ga kowane gari ya sami nasa. A wannan zamani ma'anar wannan ita ce tsaron gona da hanya, da wutar lantarki, da makarantar da ke koyar da aikin hannu, da ɗaukar ma'aikata bisa cancanta. An kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa a zamanin Janar Babangida, an kuma fito da shirin N-Power a 2016, amma alawus na ɗan lokaci bai maye gurbin masana'anta ba. Sayar da gurbin aiki kuwa rashawa ce tsantsa, kuma cin amanar ɗan talaka ne.

Abin da ya faru a Tunisiya ya isa wa'azi. Ranar 17 ga Disamba 2010, a garin Sidi Buzid, jami'ai suka ƙwace kayan wani saurayi mai tallar 'ya'yan itace, Muhammad Bu'azizi, shi kuwa ya cinna wa kansa wuta. Kashe kai haramun ne ba tantama, amma zaluncin da ya kai shi ga haka shi ma haramun ne. Kafin a cika wata guda, Shugaba Ben Ali ya bar ƙasar bayan shekara 23 a kan mulki. Duk jami'in da yake kifar da teburin mai shayi ko ya tatsi ɗan acaɓa, ya san da abin da yake wasa.

Hakkin saurayi da iyayensa

Saurayi ya cire girman kai. Babu sana'ar halal da take zubar da mutunci. Gyaran waya, da walda, da aikin famfo, da haɗa wutar sola, da noman rani, duk ana neman gwanayensu, kuma mai digiri da ya shiga cikinsu iliminsa zai ƙara masa. Ya kuma riƙe amana, domin mawadata da yawa sun janye hannu ne bayan yaran da suka ba jari sun cinye. Ya guji bangar siyasa da daba da ƙwaya, kada kuma ya jefa ransa a hamadar Agadas ko tekun Bahar Rum bisa alkawarin masu safarar mutane.

Iyaye su haɗa wa yaro karatu da sana'a tun yana ƙarami, kada kuma a manta da 'ya'ya mata, tun da su ne mafi yawa cikin waɗanda aka bari a baya. Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Nana Zainab 'yar Jahshi kuwa tana jima da ɗinki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Limamai da kwamitocin masallatai za su iya farawa daga wannan Juma'a: a rubuta sunayen samarin unguwa da ba su da abin yi, a rubuta na masu sana'ar da za su karɓi yaro ɗaya ɗaya, a sa ranar da za a sake zama a ji inda aka kwana.

Allah ya buɗa wa matasa ƙofofin halal, ya sa tausayi a zukatan masu hali, ya ba shugabanni ikon yin adalci. Amin.