Kafin Ka Yanke wa Tsohon Fim Hukunci

Idan za ka yi sharhin tsohon fim, fara sanin shekarar da ya fito. Sholay na Indiya 1975 ne, Shehu Umar na Adamu Halilu 1976, Turmin Danya kuwa 1990. Zalunci ne ka auna hotonsu da kyamarar yau. Duba labarin, da sutura, da yadda ake gaisawa. Ni nan hankalina yake tsayawa.

Nemi dattijo a unguwar Gwange ko Hausari a Maiduguri wanda ya kalli Sholay a silima, zai gaya maka inda 'yan kallo suka ɓarke da ihu.

Tsohon kaset ɗin gidanku kuwa, zafin Maiduguri da ƙura suna cinye shi. Ka kai a juye maka a kwamfuta tun yana da rai.