Amsoshin Tambayoyinku: Jami'ar jiha ga mai son kasuwanci da lauya a Amurka

Wani mai sauraronmu daga Houston a jihar Texas ya ce 'yarsa na son karanta kasuwanci sannan ta zama lauya, yana tambayar wace jami'a ce ba za ta karya shi ba. To Malam, a Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara 4, sannan a ƙara shekara 3 a makarantar lauya, kuma can ne kuɗin yake. Saboda haka a tsimi aljihu tun yanzu. Jami'ar Texas da ke Austin, mai makarantar kasuwanci ta McCombs, tana cajin ɗan wata jiha fiye da ninki uku na abin da mazaunin Texas ke biya, domin harajin mazauna jihar na tallafa mata.

Wani zai ce ai sunan jami'a ne ke buɗe ƙofa. Da ɗan gaskiya, amma makarantun lauya sun fi duba makin digiri da sakamakon jarrabawar shiga makarantar lauya ta LSAT, kuma ba sa ƙayyade fannin da aka karanta. Ana kuma cewa jami'o'i masu zaman kansu irin su Rice kan ba da tallafi mai tsoka. Haka ne, shi ya sa za ku cike fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA, ku kwatanta abin da zai fito daga aljihunku bayan tallafi. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, Malam, ta zauna a jami'ar jiharta.