Idan Rajistar Ofis Ta Fara Ƙarya

A watan Satumba na 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, saboda ma'aikatansa sun yi ta buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba da saninsu ba. Bankin ya ce ya sallami kimanin mutum 5,300 a kan lamarin. To, mutum dubu biyar ba sa lalacewa haka kawai. An yanka wa kowa adadin asusun da dole ya kawo, wanda ya gaza aikinsa na lilo. Da kwastoman gaske suka ƙi isa, sai aka koma ƙirƙira.

Don haka mai ma'aikata ya fara bincike daga kansa. Ogan da ba ya son jin "ranka ya daɗe, ba mu kai ba", shi ke koya wa yaransa aringizo.

Sai batun hannu ɗaya. Inda mutum guda ne ke rubuta bauca, ya amince da ita, ya kuma biya, an ba kura ajiyar nama. A raba aikin, a kuma riƙa gwada takarda da wata shaidar da marubucin ba ya iya taɓawa. Da haka Ma'aikatar Kuɗi ta Nijeriya ta cire sunaye sama da dubu 23 daga jerin albashi a farkon 2016, bayan ta gwada su da lambar BVN.

Gogaggen odita kuwa yakan gane coge tun daga shafi. Ya buɗe littafin sito, ya ga mako guda cur da biro ɗaya, hannu ɗaya, babu maiƙo, babu kuskure ko ɗaya. Wannan da yammacin Juma'a aka zauna aka cika shi. Littafin gaske yakan yi ɗan datti. Ƙa'idar ita ce a rubuta abu a lokacin da ya faru, da biro ba fensir ba. In an yi kuskure a ja layi guda yadda na farkon zai karantu, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ba a kankarewa, ba a yage shafi. A kwamfuta kowa ya riƙe kalmar sirrinsa. A ofishin da kowa ke shiga da sunan sakatariya ba a gane wanda ya sauya lamba.

Ziyarar bincike ta zama ta ba-zata, mai tona asiri kuma ya sami hanyar da ba ta bi ta teburin ogansa ba.

Ƙaramin ma'aikacin da aka ce ya mayar da kwanan wata baya, ko ya sa hannu a kan kayan da bai gani ba, ya nemi a ba shi umarnin a rubuce. Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa. In bai yi ba, ranar da asiri ya tonu sa hannunsa za a gani a takardar.