Me Ya Sa Ƙwayar Ruwa Ta Lanƙwashe?

'Yan'uwana ɗalibai, a lokacin da muka fita gwajin koyarwa na sha kunya a gaban aji, ba na kuwa so waninku ya sha irinta. Na zana ƙwayar ruwa a allo a lanƙwashe, na zana ta iskar kabon dayoksaid a miƙe. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai kowacce zarra uku gare ta, me ya sa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya ta miƙe?" Na yi shiru, domin haddace siffofin na yi, ban san dalilinsu ba. Da na komo na zauna na bi abin daki-daki, ga kuwa abin da na samu.

Ƙwaya, watau molekul, zarra ce biyu ko fiye da suka haɗu. Abin da ke ɗaure su shi ne elektaron na bayan zarra, waɗanda su ke zama biyu biyu. Bari mu kira kowane biyu tagwaye. Cajin lantarkin elektaron duka iri ɗaya ne, sabo da haka tagwaye suna ture juna, kamar yadda bakin maganaɗisu iri ɗaya ke yi. Kowane tagwaye sai su nemi wurin da ya fi nisa da sauran a kewayen zarrar tsakiya. Wannan ture-turen shi ke ba ƙwaya siffarta. Sidgwick da Powell suka bayyana wannan ƙa'ida a Ingila cikin 1940, sa'an nan Gillespie da Nyholm suka inganta ta cikin 1957.

To, sai ƙidaya. In tagwaye kashi biyu ne, sai su ba juna baya, su yi layi ɗaya, digiri 180. Haka kabon dayoksaid ta ke, domin ɗaurin da ke kowane gefe, ko da ya ke ninki biyu ne, kashi ɗaya a ke ƙidaya shi. In kashi uku ne, sai su shimfiɗu, digiri 120 tsakaninsu. In kuwa huɗu ne, nan allo ke ruɗinmu. Mukan zana iskar metan kamar mararraba, digiri 90, amma ƙwaya ba a kan allo ta ke zaune ba, tana da sama da ƙasa da gaba da baya. Uku sukan yi ƙafafu kamar duwatsun murhu, na huɗu ya miƙe sama, digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Ku hura balan-balan huɗu daidai wa daida, ku ɗaure bakunansu wuri ɗaya, za ku ga sun ɗauki wannan siffa da kansu.

Yanzu mu komo ga tambayar yaron. Oksijin tana da elektaron 6 a baya, haidurojin biyu suka kawo ɗaya ɗaya, ya zama 8, watau tagwaye huɗu. Biyu suna riƙe da haidurojin, biyu kuwa ba su riƙe da kowa. Ba mu cika zana waɗannan ba, amma suna nan, har ma sun fi cin wuri, domin zarra ɗaya kaɗai ke jansu, sai su baje kamar ƙato a bencin mota. Su ne suka matse haidurojin biyun har kusurwa ta ragu zuwa digiri 104.5. Amoniya ma tagwaye huɗu gare ta, amma ɗaya ne kawai ba ya riƙe da kowa, shi ya sa tata kusurwar ta tsaya wajen 107. Kabon da ke tsakiyar kabon dayoksaid ba shi da irin waɗannan tagwaye ko ɗaya, don haka babu abin da zai lanƙwasa ta.

Kada ku ɗauka wannan lanƙwasa ƙaramin abu ce. Oksijin tana jan elektaron wajenta, kuma da ya ke ƙwayar a lanƙwashe ta ke, gefe ɗaya ya fi ɗayan caji. Shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri. A kabon dayoksaid kuwa ja biyun suna fuskantar gabas da yamma, sai su kashe juna.

Da na koma ajin washegari na tafi da balan-balan. Na sa yaron nan ya ƙidaya tagwayen ruwa da kansa, ya kuwa samo amsar tambayarsa. Shawarata gare ku, kafin ku zana kowace ƙwaya, ku fara ƙidaya tagwayen zarrar tsakiya, har da waɗanda ba su riƙe da kowa.