Raƙuman dawa na Dabus

Yara, in kun bar Agadas kuka kama hanyar Arlit, bayan tafiyar kilomita 110 ko kusan haka, za ku iske wani tsauni a gefen hanya. Sunan wurin Dabus. Daga nesa ba ya da wani kwarjini. Sai mutum ya hau kansa sannan ya ga abin mamaki.

A bisa falalen dutsen an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5 da santimita 40, wato tsawon raƙumin dawa mai rai. An fid da idanunsa, da kofatansa, da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin kowane raƙumi wani zane ya sauko kamar igiya, ya tsaya wajen wani ɗan ƙaramin mutum.

Masana sun ƙiyasta wannan aiki ya shekara 6.000 zuwa 8.000. A lokacin nan babu ƙarfe, babu maƙeri. Da dutse mai tauri aka yi ta ƙwanƙwasa dutse, ana gogewa. Ku dubi wannan haƙuri!

To, raƙumin dawa me zai ci cikin hamada? Ai da can wurin ba hamada ba ne. Akwai ruwa, da ciyawa, da itatuwa. Zane fiye da 800 ne a kan duwatsun Dabus: ga shanu, ga jiminu, ga zakuna, har da karkanda. Da ruwan sama ya ja baya, sai dabbobin suka yi kudu. Raƙuman dawan ƙasarmu da suka saura suna wajen Kure, kusa da Yamai. A 2018 an kai takwas daga cikinsu dajin Gadabeji.

Abzinawan yankin sun daɗe da sanin wurin. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya rubuta labarinsa a 1987. Baƙi suka yi ta zuwa, ɓarna ta biyo su: wani ya taka zanen da takalmi, wani ya rubuta sunansa, wani ya ɓalli dutse ya sa aljihu. Dutsen kuwa mai taushi ne, abin da ya ɓalle ba ya komawa. Don haka aka sa masu gadi. A 1999 kuma aka ɗauki siffar raƙuman, aka zuba irinta da sanholo, aka ajiye a filin jirgin saman Agadas.

Tambayoyi

1. Da me aka sassaƙa raƙuman Dabus?
2. Akwai kufai ko tsohon birni kusa da garinku? Ku tambayi tsofaffi labarinsa, ku rubuta cikin kayenku.