Riga-kafin Yara: Irinsa, Da Lokacinsa, Da Abin Da Ke Hana Shi

Sa'ad da aka aike ni Wurno, cikin ƙasar Birnin Kudu, in gwada koyarwa, wata rana da la'asar sai wata dattijuwa maƙwabciyar masaukina ta miƙo mini takarda, ta ce, "Malam, duba mini katin jikan nan nawa." Na duba, na ga an yi wa yaron allurar ranar haihuwa da ta mako 6, daga nan ba a sake rubuta kome ba, ga shi kuwa ya kai wata 7. Na ce, "Inna, me ya tsai da ku?" Ta ce, "Ran da za a koma yana mura, muka ce a bari ya warke. Da ya warke damina ta kankama. Yanzu kuwa an ce lokaci ya wuce."

Cikin maganar nan akwai kuskure biyu: mura ba ta hana riga-kafi, lokacinsa kuma bai wuce ba. Tun da ya ke mu malaman makaranta a kan kawo wa kowace takarda a ƙauye, ya kamata mu san wannan al'amari sosai.

1. Irin riga-kafi

Allah ya halicci jikin mutum da wata rundunar tsaro cikin jini. In ta taɓa gamuwa da ƙwayar wata cuta, ba ta mance kamanninta. Riga-kafi shi ne a nuna wa rundunar nan abokin gaba tun ba shi da ƙarfi, domin ran da na gaske ya zo ta gane shi. Wani likitan Ingila, Edward Jenner, shi ya soma lambar agana a 1796, har a 1980 aka tabbatar agana ta ƙare a duniya. Kakanninmu da ke da tabon lamba a dantse su ne shaida.

Iri na farko, ƙwaya ce mai rai wadda aka raunana. Cikinsa akwai BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da ɗigon Rota na gudawa, da allurar ƙyanda, da ta zazzaɓin shawara. Iri na biyu, ƙwaya ce da aka kashe, ko wani ɓangare nata kaɗai, kamar allurar shan inna, da ta tarin shiƙa, da ta ciwon hanta, da ta ciwon huhu, da ta sanƙarau. Iri na uku, dafin ƙwayar ne aka kashe wa kaifi, watau na mashaƙo da na ciwon sarƙe haƙora. A riƙe rabon nan, gama daga gare shi hani ya ke fitowa.

2. Lokacinsa

Ga yadda aka tsara a Nijeriya:

Ranar haihuwa: BCG a dantse, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Ta hanta ta fi amfani cikin sa'a 24 na farko, sabo da haka kada a jira suna.

Mako 6, da mako 10, da mako 14: ɗigon shan inna, da ɗigon Rota, da allurar ciwon huhu, da Penta a cinya. Penta ta haɗa biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo wa jarirai sanƙarau da ciwon huhu. A mako 6 da mako 14 a kan ƙara da allurar shan inna.

Wata 9: ƙyanda, da shawara, da sanƙarau.

Wata 15: ƙyanda ta biyu.

Mako 6 kwana 42 ke nan, watau kwana biyu bayan mai jego ta gama arba'in. In ka gaya wa mace haka ba za ta mance ba. Tsakanin zuwa da zuwa kuma lalle a sami mako 4.

Don me a ke maimaitawa? Iri na biyu da na uku kamar hadda su ke, sai da tilawa su ke zama. Wanda aka yi wa Penta sau ɗaya bai tsira ba tukuna. An ga haka a annobar mashaƙo da ta tashi a Kano ƙarshen 2022, yawancin waɗanda ta kama ba su cika riga-kafinsu ba. Ƙyanda kuwa a kan jira wata 9 ne domin kāriyar da jariri ya gado daga jinin uwa ta kan hana allurar kamawa kafin nan. Ko a wata 9 ɗin, cikin yara 100 wajen 85 ta ke kamawa, don haka a ke sake ta.

3. Abin da ke hanawa

Abubuwan da ke hanawa kaɗan ne. Na ɗaya, yaron da aka yi wa wata allura, nan da nan fuskarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe, ba a sake yi masa irinta. Na biyu, yaron da ke kwance da ciwo mai tsanani, a jinkirta har ya sami sauƙi. Jinkiri ne, ba fasawa ba. Na uku, yaron da rundunar jikinsa ta rushe, kamar mai shan maganin ciwon daji, ba a ba shi iri mai rai. Haka wanda alamun ƙanjamau suka bayyana gare shi, ba a yi masa BCG ko ta shawara. Na huɗu, ta shawara ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wanda cin ƙwai ke sarƙe masa numfashi. Na biyar, yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu cikin kwana 7 bayan Penta, ba tare da wani dalili ba, sai likita ya duba kafin a ci gaba. Duk waɗannan, ma'aikacin asibiti ke yanke hukuncinsu. Namu shi ne mu sa uwa ta faɗa masa abin da ya taɓa faruwa.

Amma mura, da tari, da 'yar gudawa, da ɗumin jiki, da haƙori, da rama, da amosanin jini, da zama bakwaini, ba ɗayansu da ke hanawa. Ramammen yaro ma shi ya fi bukata, domin shi ƙyanda ta fi kashewa. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayan allura, da ɗan kumburin cinya, ba abin tsoro ba ne. Wurin BCG ya kan yi ƙurji bayan 'yan makonni, ya fashe, ya bar tabo. Kada a matsa, kada a shafa masa kome.

Wanda ya makara kuma ba a komawa da shi farko, daga inda aka tsaya a ke ɗorawa.

Mun ga abin da tsayawa ke jawowa, mun kuma ga abin da naci ke kawowa. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, sai a 2004 aka koma. Da sarakuna da malamai suka sa hannu, a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya, a Barno, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da ita. Ana nan ana ɗigon har yanzu domin kada shan inna ta sami ƙofa.

Na koma ga dattijuwa na ce, "Inna, gobe a kai shi, a tafi da katin nan." Aka kai shi, aka yi masa Penta ta biyu, bayan mako 4 ta uku, a wata 9 kuma ta ƙyanda. Ya 'yan'uwana, ko an kai ku Wurno, ko Gwaram, ko wani ƙauye can, ku riƙa tambayar almajiranku katin ƙannensu, ku karanta wa iyaye ranar komawa. Allah ya raya mana su, amin.