Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Jean-Baptiste Isabey?

Mai sauraro daga Damagaram ya nemi bayani kan Jean-Baptiste Isabey, Bafaranshen da aka haifa a Nancy a 1767, gwanin zana ƙananan hotunan fuska, wato waɗanda ake yi da fentin ruwa a kan siririn hauren giwa, har ana rataya su a wuya. Ya koyi zane a hannun Jacques-Louis David, ya yi wa fadar Marie-Antoinette aiki, sannan ya zama mai zanen Napoleon da uwargidansa Josephine, kuma babbar shaidar ƙwarewarsa ita ce duk juyin mulkin Faransa bai raba shi da fada ba. Ya zana wakilan Taron Vienna na 1814 zuwa 1815, ya rasu a Paris a 1855.